Sahun Takalma

Ni ne na kama lasifika bayan la'asar,
na ce da jama'a an yi aika-aika a Ƙofar Guga:
wata Barira, 'yar makarantar zane,
ta jera takalma bisa dardumar salla
ta ce wai fasaha.
Ban je na gani ba. Waya ta nuna mini,
hoto guda, rabinsa yatsan mai ɗauka.

Mu bakwai muka tafi. Malam Ɗayyabu a gaba,
sabon kwaɗo a aljihunsa, mabuɗi biyu a jiki.
A hanya ina tisa abin da zan faɗa:
inda goshi ke sauka
diddigen takalmi ba ya isa,
ko ɗan shekara huɗu ya san ƙofar da ake tuɓewa.

Tsohon sito ne na gyaɗa, fanka ɗaya tana kuka.
Darduma goma sha tara, sahu biyu, duk sun dubi gabas.
Ba liman. Ba ƙafa.
Silifas, faɗe, kambas guda mara igiya,
na wani yaro bai kai tafin hannuna ba.

Ba ta gudu ba. Ta gyara mayafi, ta ce:
“Ba a kasuwa na sayo su ba, Malam.
Masu su sun tuɓe a ƙofar masallaci da asuba,
bindiga ta iske su a raka'a ta biyu.
Wata takwas takalman nan suna jira a waje.
Shigo da su na yi.”

Malam Ɗayyabu bai ɗaga murya ba.
Ya ce, “'Yata, hawaye ba ya wanke najasa.
Mamaci addu'a yake so, ba 'yan kallo ba.
Yau takalmi, gobe me za a aza?”
Na gyaɗa kai. Gaskiya ya faɗa,
har yau ban sami inda ya karkace ba.

Sai idona ya sauka sahu na biyu,
na uku daga hagu.
Danƙo ruwan ɗorawa, diddigen hagu ya cinye ta gefe,
maɗaurinsa ɗinke da jar waya.
Ni na zare wayar nan daga mataccen rediyo,
ni na ɗinke, ina yi masa faɗa
ya daina tafiya kamar mai korar akuya.
Mani.
Ƙanena, da ya je ƙauye girbin gero
ya ce kwana uku zai yi.

Ban san lokacin da na tuɓe nawa ba.
Na ɗaga su daga kan dardumar,
na share wurin da hannun riga.
Ƙurar ta fita,
shatar ta ƙi.

Aka rufe sito, kwaɗo ya ce ƙaras.
Malam ya ɗauki mabuɗi ɗaya,
ya danƙa mini ɗayan, bai dube ni ba.
Barira ta tsaya gindin bedi
tana kankare fenti daga farcenta.

Yanzu a teburin mai shayi gari ya rabu.
Wasu su ce 'yar nan ta zagi salla,
wasu su ce mu ne muka ji tsoron takalmi
fiye da waɗanda suka zubar da masu shi.
In an tambaye ni, amsata ba ta sauya ba:
takalmi ba ya hawa darduma.

Amma na Mani suna bakin zaurena,
kowace asuba sai na tsallake su.
Mabuɗin yana aljihuna, ya fara huda shi.
Sha takwas na can cikin duhu, sun dubi gabas,
ba wanda ya yi musu sallama.

Jiya ladan ya juyo ya ce a cike sahu,
har sau biyu.
Sai na ga ni yake kallo:
na bar wurin mutum ɗaya a damana.